Bakano ya je neman ragi a dutsen Aburi

Bakano, ina gajiya? Kada ka ce mini babu. Na ga saukowarka daga matakalar masallaci ranar Lahadi bayan La'asar, hannu ɗaya a bango, ƙafafu a wawware, kamar yaron da wanzami ya sallama shekaranjiya. A sahu ma kafaɗata na jikin taka. Da aka tafi ruku'u gwiwarka ta yi wata ƙara, har na zaci ƙofar shagonka ake ɗagawa. Da aka zo zaman tahiya kuwa, sai da ka yi nishi biyu kafin ka sami gefen da sirdin keke ya rage maka. Na yi maka addu'a, Allah ya sani, sai dai dariya ta cinye rabinta.

Masu karatu da ba ku san mu ba, kada ku ce na ci zarafin dattijo. Ni Bazazzagi ne, shi Bakano, kuma mu duka biyun a Nima ta Accra aka binne cibiyarmu. Shi bai taɓa ganin Dala ba sai a kalanda, ni ma Kufena a bakin kakata na san shi. Amma da kakanninmu suka ɗauro kaya zuwa wannan ƙasa ta Gana ba su bar wasan a gida ba, sun ƙunso shi tare da allo da tasbaha. Don haka duk abin da zan faɗa a nan gadona ne. In ya ji haushi ya kai ƙara Zariya.

Abin da ya faru shi ne, yarona Bakano ya sayi keken tsere.

Ku tsaya ku ji wanda ya saya. Mutum ne da tun 2007, lokacin da gwamnati ta yanke wa sidi sifiri huɗu, bai bari an zubar da sifiran ba, ya tsince su ya zuba a aljihu. In kai ke bin sa bashi, da sabon kuɗi yake lissafi, ka ji abu ɗan mitsitsi har ka ji kunyar tambaya. In shi ke bin ka, sai ya zaro sifiran nan ya jera, ka ji miliyoyi ka kasa barci. Ranar Laraba a kasuwar Nima na taɓa tsayawa rabin awa ina jiran sa yana ja-in-ja da mai albasa a kan gyaran ƙwaya biyu. Wannan mutumin ne ya je ya zube kuɗi a kan keken homyus, wato na hannu. Na tambaye shi nawa, ya ce kusan kyauta. Uwargida ta tambaya, ya faɗi rabi. Ya manta mai kawo kekunan a majalisarmu yake shan shayi.

Na je na ga keken da idona a zaure, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado kamar amarya. Taya siririya kamar tsinken cincinga. Kan keken ya lanƙwaso ƙasa kamar ƙahon ragon layya. Sirdi kuwa, in ka taɓa ganin busasshen ɓawon agade to ka gan shi. Babu kariya, babu ƙararrawa, babu ko ƙafar da zai tsaya da kansa. Da yatsa biyu na ɗaga shi. Ya ce ai daɗin abin ke nan, wai har sai da hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka kada keken gasa ya gaza kilo 6.8, don masu ƙerawa sun so su mai da shi takarda. To Bakano, tun da aka kafa kasuwar Kurmi ban taɓa jin ɗan Kano ya ƙara kuɗi don a rage masa kaya ba, sai a kanka. Marigayi babanka, Allah ya jiƙansa, yana da baƙin Phoenix ɗin nan da mutanen garin nan ke kira Busanga Volvo. Buhun albasa a kariya, galan a rataye, kai a kan ƙarfen tsakiya kana kuka za a kai ka makarantar allo. Keken nan shi ya ciyar da gidanku. Naka kuwa kai kake ciyar da shi, yau man sarƙa, gobe sabon tif, jibi wani ɗan famfo da aka ce wai shi kaɗai bakin tayar ke karɓa.

Kuma in nauyi ne ya dame ka, ai ba a ƙarfen yake ba. Ana ce wa Kano tumbin giwa, mu mun ɗauka kirarin gari ne, ashe kai wasiyya ka ɗauke shi. Ka biya miliyoyi an rage maka kilo goma a keke, ga kilo ashirin na wake da shinkafa da tuwon zafi ka ɗaura a gaba.

Sai kayan sawa. Riga mai kama jiki, aljihunta a baya, wato daidai wurin da Bakano ba zai iya sa wa kuɗinsa ido ba. Wandon roba iya cinya, da ƙunzugu a ɗinke a ciki. Hular kwano mai ramuka kamar kwandon tsane shinkafa. Takalmi mai ƙarfe a tafi, wanda in ka sauka kake tafiya ƙwas-ƙwas kamar akuya a kan siminti. Da yake da sauran kunya a idonka, jallabiya kake zurawa a kai ka yi Asuba, ka turo keken ta lungu, sai ka wuce Kawukudi ka ba babban masallacin da Turkawa suka gina baya, sannan ka laɓe bayan kiyos ka tuɓe ta ka ɗaura a ƙugu. Kana zaton ba a gan ka ba. A Nima? Yaran bes sun riga sun raɗa maka suna, amma ba zan rubuta shi a jarida ba, saboda kana da surukai. Ni dai na kai maganar wandon gaban malam. Ya yi shiru, ya ce daga cibiya zuwa gwiwa dai ba a canja ba, a gaya wa Alhaji ya nemi mai tsawo.

Ka ce likita ne ya sa ka. Wannan kam na yarda, don rabin majalisarmu kowa da ƙwayoyinsa a aljihu, wannan hawan jini, wancan suga. Shekara talatin muna kan benci ɗaya muna shan shayi mai kauri da sukari cokali huɗu, motsinmu bai wuce daga shago zuwa masallaci ba. Amma likita cewa ya yi ka riƙa motsa jiki. Bai ce ka bar hawan jini ka koma hawan dutse ba. A Kano ana Hawan Daushe, ana Hawan Nasarawa, mu a Zazzau muna Hawan Bariki. Kai ka ƙirƙiro Hawan Ayi Mensah, ba doki, ba algaita, ba mai ce maka hattara.

Asabar ɗin da ta wuce na ce sai na gani da idona. Kun tashi daga Kanda duhu bai gama yayewa ba, kai ne babba, sauran samari ne da cinyarka ɗaya ta fi kowannensu nauyi. Hanyar kowa ya san ta: 37, filin jirgi, gadar Tetteh Quarshie, Legon, Madina, Adenta, Pantang, Oyarifa. An ce da kuka zo Pantang ka ƙara wuta, kuma na gane dalili. Da likitocin ƙwaƙwalwa da ke can sun hango ka cikin wannan wando, da sun ce ka shigo a gaisa. Ni trotro na hau na riga ku isa Ayi Mensah, na tsaya daidai inda ake karɓar kuɗin hanya kafin a daina a Nuwamban 2021. Ko lokacin da ake karɓa ba a tambayar mai keke, kuma ina zargin wannan na cikin lissafinka.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda wurin yake. Tun daga bakin teku Accra a shimfiɗe take kamar tabarma, 'yan tudun da ke ciki ba su taka kara sun karya ba. A Ayi Mensah sai kawai ƙasa ta miƙe tsaye. Tsaunukan Akuapem ke nan. An sassaƙe kwalta a jikin dutse tana hawa tana kwana, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Da safiyar Asabar wurin cike yake da masu tattaki, maza da mata, manyan ma'aikata da tawul a wuya, wasu da kiɗa, masu kwakwa na jiran su da adda. Na shiga cikinsu da silifas ɗina.

Kwanar farko ka shige ta da ƙarfinka, har ka ɗaga mini hannu. A ta biyu fuskarka ta canja. Wani yaro cikin ayarinku ya dawo baya yana yi maka bayani, ina gefe ina ji. Ya ce, Alhaji, sauke sarƙar gaba kan ƙaramin faranti, ta baya ka hau da ita kan babba. Ƙafa za ta yi ta juyawa ba nauyi, keke na tafiya kaɗan-kaɗan, numfashi ya ɗauki aikin, gwiwa ta huta. Ka gwada. Ka juya feda sau goma, ka dubi kwalta ka ga ba ka wuce inda juyi uku ke kai ka a ƙasa ba. Sai na ji ka ce, cikin haki, "Wannan ai asara ce. In ba da goma a ba ni na uku?" Ka mai da sarƙa kan babban faranti, ka miƙe tsaye a kan feda kana danna ta kamar mai kirɓa sakwara.

Bakano, a Kantin Kwari ana ragi, a Makola ana ragi, mai albasa ma in ka matsa masa yana saki. Dutse ba ya ragi. Aburi na sama da teku da kamar mita 400, kuma kowane kilo da ka zo da shi, na ƙarfe da na tumbi, kai za ka ɗaga shi zuwa can da ƙafarka. Giya ba ta rage ko kwabo a cikin kuɗin, dama kawai take ba ka ka biya kaɗan-kaɗan, kamar zubin susu. Kai da mai susu ke fara tsayawa a shagonka kowace yamma, kai ne ka ce sai ka biya dutse a dunƙule.

Daga nan ka fara saƙa, daga wannan gefen titi zuwa wancan, kamar maciji ya sha duka. Wani mai ƙiba da ya fi ka tumbi ya wuce ka a ƙafa yana waya. Wasu mata uku suka wuce ka suna hira. Sannan ni. Na wuce ka, Bakano, da silifas. Na yi maka sallama ba ka amsa ba, kuma ban riƙe ka ba, na san iskar amsawar ce babu. Ku ne kuke yi wa garinku kirari wai ko da me ka zo an fi ka. Ashe dutsen Akuapem ma ya ji kirarin, ya ajiye maka.

Takalmin nan naka kuwa maƙalewa yake a feda, sai an murɗa diddige waje yake saki. Da ƙarfi ya ƙare ka tsaya cak, ka manta da murɗawar. Ina kallo ka karkata a hankali, cikin natsuwa, kamar buhun gero da aka jingine ba daidai ba, ka kwanta a gefen titi da keken a tsakanin ƙafafu. Jama'a suka yo kanka ana sannu Alhaji, sannu Alhaji. Gwiwarka na jini, amma fentin keken ka fara shafawa.

Gaskiya dai ɗaya ce, ko a kan Bakano sai a faɗe ta: ka tashi, ka sa ƙaramar giyar da ka raina, ka hau. Na iske ka a Peduase, kusa da gidan hutun shugaban ƙasa da aka gina zamanin Nkrumah, ka jingina da ƙarfen gefen hanya kana kallon ƙasa. Accra gaba ɗaya ga ta nan a ƙarƙashinmu cikin hazo, rufin kwano har iya ganin ido. Ka ce in nuna maka Nima. Na ce ka nemi inda hayaƙi ya fi yawa.

Ba kai ka fara hawa nan don neman lafiya ba, kada ka yi alfahari. Masu wa'azin Basel da suka sauka a bakin teku zazzaɓi ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sai da Andreas Riis ya hau Akropong a 1835 sannan aikinsu ya kama ƙasa. Turawan mulki suka gina gidan jinya da hutu a Aburi a 1875, aka buɗe lambun itatuwa a wurin a 1890. Sai dai su manyan Turawan a cikin raga ake ɗauko su, ƙarti na gumi, su suna fifita. Manoman dutsen kuwa ganga suke cikawa da manja, daga baya da koko, a yi ta mirgina ta har Accra. Ka ga kowa ya san abin da yake yi: mai hawa ya sa a ɗauke shi, mai kaya ya bi gangara. Kai kaɗai ka zaɓi ka zama Baturen kuma ka zama ɗan dakon.

Daga Peduase na sake shiga mota na jira ku a lambun Aburi. Ba zan faɗi abin da ya faru a bakin ƙofa ba, lokacin da ka tambayi mai tikiti ko akwai farashin wanda ya zo da ƙafarsa. Ana shiga sai dogayen bishiyoyin nan dangin kwakwa, farare sumul, sun yi sahu biyu kamar dogarai. Can ciki ga wani ƙaton rimi da ake cewa ya girmi lambun kansa, ragowar kurmin da ya rufe dutsen a da. Na gaishe shi, don rimi ɗan Zariya ne duk inda ya tsiro; ku a Kano sunan kawai kuka ɗauka kuka liƙa wa kasuwa.

Samarin suka ce babbar hanyar kan dutse, wadda ta bi ta Mampong da Mamfe zuwa Akropong, tana da motoci. Daɗin keke sai an saki ta an bi ƙananan da ke ratsa gefe, ta wajen Konkonuru, ko wadda ke gangarawa Nsawam ta cikin gonakin abarba, ko ta Larteh da ke sauka wajen Dodowa. Suka tafi za su ɗan zaga, kai ka ce za ka bi su a hankali. Da na ga shiru na bi sawunka a ƙafa.

Ban yi nisa ba na same ka. Wata 'yar siririyar kwalta ce, itatuwa sun haɗe kai a sama sun rufe ta, rana na ɗigowa ta tsakanin ganye. Gonar agade da gwaza a gangare, raɓa ba ta bushe ba, ƙasa na ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Ka jingine keken a jikin bishiya, ka cire hular kwano, kana zaune a kan wani kututture. Waya ba ta hannunka. Leɓɓanka ba sa motsi, wato ba lissafi kake ba. Shekara arba'in da ɗoriya na san ka, ban taɓa ganin haka ba, har na tsorata na ce ko jinin ne ya hau. Na ce, Bakano, lafiya? Ka ɗaga yatsa ka ce, "Ka ji?" Na kasa kunne. Wani tsuntsu can ƙasa, ɗigar ruwa daga ganye, wani yana sara da adda nesa ƙwarai. Na ce, me? Ka ce, "Babu."

Na zauna kusa da kai. Mu da aka haifa tsakanin injin niƙa da lasifika, mun girma ba mu san kunne ma yana gajiya ba. An ce da Malam Amadu Futa ya sauka a Nima da shanunsa a 1931 fili ne da ciyawa, kuma wasu na cewa daga ni'ima sunan ya fito. Yau ka nemi wurin da za ka ji numfashinka a unguwar. Mai kiran fasinja, mai wa'azi, mai biki, okada, janareta, aboboya, yara, da rediyon maƙwabci da ba a kashe shi tun zamanin Rawlings. Masu ƙasar sun fi mu dabara a nan. Mutanen Ga suna hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda kafin Homowo, mutanen Akuapem su ma suna rufe ganguna makonni kafin Odwira. Mu a zango ko da azumi ba mu ba kunne hutu. Sai a lokacin na gane abin da ke tashin ka da duhu kowace Asabar, na kuma gane ba za ka taɓa faɗa a majalisa ba, don Bakano bai iya cewa ya yi gumi a kan babu ba. Likita kawai ka samu ka laɓe a bayansa.

Har na fara jin tausayinka. Sai ka nisa ka ce, "Ka san da za a iya ƙulla wannan iskar a leda kamar piyawata, da a Maamobi kaɗai an yi arziki." Na ce alhamdu lillahi, lafiyarsa ƙalau.

Samarin sun ba ni labarin wata Asabar da kuka kai Mampong. Suka ce za su kai ka gonar koko ta Tetteh Quarshie, maƙerin nan da ya dawo daga Fernando Po da iri ya shuka a 1879, shukar da ta sa kafin shekara talatin da 'yan kai ƙasar nan ta wuce kowa a duniya wajen koko. Wai da ka ji an ce koko sai ka zaro ƙullin ƙosai daga aljihun baya kana tambayar ina mai damawa. Da aka nuna maka bishiya da 'ya'ya a manne a jikin gindinta, ka tsaya kana ƙirga su. Ban san ko gaskiya ne ba, amma ya yi kama da kai ƙwarai.

Ka tuna ko su wa ka gada. Fataken Kano sun yi watanni a hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi Salaga su juyo da huhun goro. Alhaji Umaru, malamin da Gana ba ta manta da shi ba, haifaffen Kano ne. Ya zauna Salaga, yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi har ya rasu a 1934. Waɗannan ba su da giya ashirin da biyu, ba su da ƙunzugu. Sun yi gumi sun dawo da goro, wasu sun dawo da ilimi. Kai ka yi gumi ka dawo da hoto a WhatsApp da wata lamba a waya wai kilomitan da ka ci. Da kakanka zai tashi ya tambaye ka ribar tafiya, me za ka ce? Sai dai na ji ƙishin-ƙishin ka tambayi farashin abarba a bakin gona, kuma ka je wurin mai walda kana tambaya ko keken tsere na karɓar kariya. In haka ne jini bai ɓata ba.

Yanzu kuma wai Girmay kake so a kira ka. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ne, ya ci zango uku a tseren Faransa na 2024 ya tafi da koriyar riga. Abu ɗaya kuka haɗa: shi ma a 2022, a tseren Italiya, ya ci zango lafiya lau, sai murfin kwalbar murna ya harbe shi a ido ya bar gasar. Wato shi ma a tsaye ya ji ciwo. Burkina na nan kusa suna tserensu na ƙasa tun 1987, Kigali ta karɓi gasar duniya a Satumban 2025, karon farko a Afirka. Nima dai ƙwallo ta sani, ita ta ba duniya Mohammed Kudus. In za ta ba da ɗan tseren keke, cikin yaran nan masu yawo da keken haya a lungu ba birki zai fito, in sun sami mai saya musu irin naka. Ka ga inda sadaka take, in kana nema.

Abu ɗaya zan faɗa ba da wasa ba, kuma kada ka saba. Dutsen bai ba ni tsoro kamar hanyar zuwa gare shi. Tsakanin Madina da Adenta an rasa rayuka har sai da mutanen wurin suka tare hanya da zanga-zanga a Nuwamban 2018, kuma direban trotro da ya hango fasinja ba ya ganin mai keke. Ka sayi fitila, gaba da baya, kada ka tsaya neman ragi. A gangara kuma na ga yadda kake, nan ne kaɗai tumbin ke biyan ka, ka wuce samarin fuu kamar an jefo buhu daga bene. Ka riƙa taɓa birki biyun tun kafin kwana, kada ka bari sai ka shiga. Da damina dutsen na zubo da tsakuwa kan kwalta, kuma tayar nan taka ba ta da faɗin yafiya. In ka mutu wa zan zolaya? Sauran Kanawan unguwar ba su da haƙurinka.

Komowar kuwa masu karatu su sani: da rana ta take a Oyarifa, Girmay ya tsai da trotro. Yaron mota ya dubi keken ya ce kuɗin mutum biyu. Ka ce ai bai kai kilo tara ba. Ya ce kujera yake sayarwa. Ina baya ina jin ku har Madina, kuma a ƙarshe biyun ka biya, karo na biyu ke nan a rana ɗaya da aka ƙi yi maka ragi.

Kuɗin sharar bara har yau ban gani ba, ga wata Muharram na tafe. Na yafe, bisa sharaɗi. Phoenix ɗin babanka na nan a bayan ɗakin ajiya, na gan shi, kaji na kwana a kan kariyar. Ka sa a wanke shi, a sa masa taya da sarƙa da birki, da kuɗinka, a kawo mini gida kafin Juma'a. Ba hawa dutse zan yi ba, Bazazzagi bai yi wannan wautar ba. A bayan trotro zan sa shi har Aburi, in sauke, in bi 'yar hanyar nan mai inuwa da jallabiyata da hulata. In ka iso da ranka za ka same ni a kan kututturen. Ka taho da ƙosai, kuma in ka zauna kada ka yi mini maganar leda.